Rasuwar Dattijuwa, wayar gwajin Mijinyawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar da ta hana ni cin abinci, ni Mijinyawa Isyaku, mai rubuta manhaja a garin Karaye, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayata ta gwaji, wadda kowa ya sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da la'asar a kan teburina, tana da shekara tara a duniya, allonta a tsage, bayanta ɗaure da roba.

Ga wanda bai san hidimar marigayiyar ba, bari in yi bayani. Na rubuta manhajar da masu yi wa shanu allurar rigakafi ke duba sanyin akwatin magani da ita. Manhajar guda ce, tana hawa kowace irin waya, sai dai ita kaɗai kurma ce, ba ta jin ma'aunin sanyin da ke cikin akwatin. Dole na gina mata 'yar gada da za ta tsallaka ta yi wa cikin wayar magana da yarensa na asali, ta karɓo lamba ta Bulutut ta kawo. Kowane jinsin waya da irin gadarsa. To, wayoyin mutanenmu na Jajaye da Ruwan Bago sa'annin Dattijuwa ne, kuma ita kaɗai ta rage mini a cikin jinsinsu.

Marigayiyar ba ta iya munafunci ba. Sababbin wayoyi sukan rufa mini asiri, su haɗiye kuskurena su yi shiru. Ita kuwa da ta ci karo da aibu a gada, sai ta yi "zzzt, zzzt", ta ɗauki zafi kamar kaskon tuya, ta rufe manhajar a fuskata. Sau nawa na zage ta? Sau nawa na yi rantsuwa zan ba yara su yi wasan mota da ita? Ashe rai nake yi wa wulaƙanci.

Ciwon ajalinta ya soma da kumburin batir. Makon jiya na gama sabuwar gada, na saka ta cikin manhajar, na kai wa Sulle mai caji a Rogo ya ajiye, na ja masa kunne kada ya tura wa kowa sai na gama gwaji. Ai kun san mutanenmu ba sa sauke manhaja da data. A rumfar mai caji ake karɓa ranar kasuwa, wannan ya tura wa wancan, kafin magariba ta kai rugage. Ranar Talata na fitar da akwatin gwaji na ajiye shi a tsakar rana, na buɗe murfin, ƙanƙarar ta narke har ruwan ya yi ɗumi. Dattijuwa kuwa ta kafe a kan lamba huɗu, wato sanyi lafiya lau. Awa guda tana faɗin huɗu. Daga nan ta yi "ƙit" sau ɗaya, allon ya yi baƙi, ba ta sake motsi ba.

Har yanzu ban sani ba ko magagin mutuwa ne ya sa ta ƙarya ta farko a rayuwarta, ko kuwa gaskiyarta ta ƙarshe ta faɗa mini, cewa gadar ce ta karye. Nan take na kira Sulle. Ya ce in yi haƙuri, ya ga abin alheri ne, ya riga ya tura wa mutum goma sha wani abu, su ma bai san wa suka tura wa ba. Cikin waɗanda ya tura wa har da Malama Jamilatu, ma'aikaciyar lafiyar dabbobi, wadda za ta fara allurar ciwon huhu a Jajaye ranar Asabar, da garken Bappana, ɗan'uwan mahaifina, a layin farko. Na kira lambarta ya fi sau ashirin, tana inda babu sabis. Maganin da ya sha zafi ruwa ne kawai, saniya za ta sha allura a banza, mai ita ya koma gida da kwanciyar hankali, ciwon ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen baki, da katin ajiya da ya ƙi buɗuwa, da ni.

Za a yi zaman makoki a shagona daga yau har daren Juma'a. Ba a buƙatar abinci ko goro. Duk mai tsohuwar waya irin tata, ko a ƙarƙashin gado take, don Allah ya zo da ita in gwada gadar a kanta. Jana'iza kuwa sai Asabar da asuba a Jajaye, inda zan kai gawar da kaina a kan babur, in Allah Ya sa na riga allurar farko isa. Wanda ya riga ni ganin Malama Jamilatu, ya ce mata kada ta yarda da lamba huɗu, ta sa hannunta cikin akwatin ta taɓa.