Yadda Za Ka Ɓoye Ɗanka Daga Ƙungiyarku ta Likitoci

Idan kai likita ne mai kula da masu shaye-shaye, ɗanka na fari kuma ya fara kurɓar maganin tari alhali ba ya tari, wannan darasi naka ne. Matsalarka ɗaya ce: duk wanda zai iya yi masa magani a Sakkwato ɗan ƙungiyarku ne, tare kuke cin shinkafar taro. Bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari ba mai ji. Ni ban yi karatun likita ba, amma maƙwabcina a Ƙofar Atiku, Dakta Badaru, ya gwada su a kan idona.

1. Riƙe kunyar ɗan fari

Iyayenmu ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa zama hira da shi. Kada ka yar da wannan gado. Badaru bai taɓa kiran ɗansa Siddiƙu da suna ba, "wancan" yake cewa. Wanda ba ka kiran sunansa, da wuya ka tambaye shi dalilin jan idonsa. Al'ada ta yi maka rabin aiki.

2. Nemi muƙami

Ƙaramin ɗan ƙungiya, idan aka ce masa ya gida, tsayawa ake a ji amsa. Shugaba kuwa gaishe shi ake a wuce. Badaru ya zama shugaban kwamitin wayar da kai.

3. Yi wa iyaye faɗa a rediyo

Ka ce shaye-shaye ciwo ne kamar hawan jini, ba abin kunya ba. Ɗaga murya. Ka dai tabbatar rediyon gidanka ba batir. Matar Badaru, Bara'atu, a gidan maƙwabta ta ji shirin. Ta tare shi yana cire takalmi.

"Likita, na ji ka ce a kawo su asibiti."

"Na ce."

"To, wancan fa?"

"Da jama'a nike, Bara'atu."

4. Sauya wa ciwon suna

Wata rana abokiyar aikinka za ta ce ta ga yaronka da tsakar rana yana barci kan benci a titin Sama. Dakta Hindu ce ta faɗa wa Badaru haka, a hankali, bayan taro. Ka ce taifot ne. Likita ba ya ƙaryata likita a fuska. Ina kyautata zaton don haka aka kafa ƙungiyoyi.

5. Kada matarka ta san ranar duba marasa lafiya kyauta

Nan Badaru ya yi sake, domin shi ya sanar da ranar a rediyo. Yana tsaye bayan teburin Dakta Hindu, cikin rigar ƙungiya, sai layi ya kawo Bara'atu riƙe da hannun yaron.

Hindu ta san su sarai. Ba ta ɗago ba. "Hajiya, mi as sunanai?"

Bara'atu ta sunkuyar da kai, don uwa ta fi uba kunyar ɗan fari. Yaron kuwa harshensa ya yi nauyi. Layi yana jira. Hindu ta riƙe biro, ba ta taimaki kowa ba.

"Siddiƙu," in ji Badaru. Ya gyara murya. "Siddiƙu Badaru."

Yaron ya waiga yana neman wanda ya kira shi, don bai san sunansa da wannan murya ba.

Hattara

Wanda ya bi matakan nan har ƙarshe, mutuncinsa zai tsira. Abin da zai sami yaron kuma ba da hannuna ba, kada a zo ƙofar gidana. Ban ma san ƙarshen hanyar ba, tunda mutumina a mataki na biyar ya faɗi. Abin da na sani, har yanzu ba a cire shi daga kwamiti ba, kuma duk ranar asibiti ina jin sa ta katanga yana cewa, "Siddiƙu, fito mu tafi."