Zaman Makokin Mawaƙin Amurka a Roni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidanmu a Roni, saboda mutumin da ko sunan garin bai taɓa ji ba.

Lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa, ni kuma sabon malamin firamare ne mai ji da kai. Ina samun aiki na sheƙa Kano, na dawo da garmaho mai batir da fayafayan wani mawaƙi baƙar fata na Amurka. Tarihinsa na fi haddacewa a kan darasin da nake koyarwa. Ɗan manoman auduga ne, a coci ya fara waƙa, kuma yana cikin na farkon da suka ɗauko muryar nan ta addu'a suka haɗa ta da kiɗan rawa. (Turancinsa kuwa rabi nake ji, sauran in cike da gyaɗa kai.)

Wata safiya rediyo ta ce ya mutu. Wallahi ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Kakata Goggo, wadda ta raine ni, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Kai, wa aka rasa?"

"Wani babban mutumina ne, Goggo. A nesa yake."

Ba ta ƙara tambaya ba, don a wurinta ƙaton gardi ba ya yi wa bare kuka, kuma ba a titsiye mai makoki. Kafin in wanke fuska ta aika gidan liman, maƙwabta sun fito da tabarmi, mata sun fara dakan gumbar sadaka. Na so in yi bayani, amma kowa ya zo da "Ya haƙuri?" sai bakina ya amsa "Da godiya."

Da la'asar sai ga Alhaji, mahaifin Asabe, yarinyar da nake nema. Magabatana sun daɗe da zuwa garinsu Gwiwa neman aurenta, ya ce zai yi shawara, shiru kake ji. Ashe labarin rasuwar ya bi 'yan kasuwa har can, dattijo ya hau bayan akori-kura ya taho. Na durƙusa na gaishe shi.

Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya ce, "Malam, sunan mamacin?" Na faɗa. Ya sauke hannunsa a hankali.

"Mece ce sana'arsa?" in ji Alhaji.

"Waƙa, Baba."

"Wato maroƙi. Kun taɓa haɗuwa?"

"A hoto dai, Baba."

Aka sa na ɗauko kwalin faifan. Ga mutumina, suma na ƙyalli, baki wangame. Hoton ya zaga tabarma hannu zuwa hannu.

"To," in ji Alhaji, "tunda dominsa muka zo, sa mana shi mu ji."

Na ɗora faifai. Mamaci ya kurma ihu, ganguna suka ɗauka, kakaki na biye. Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah batir ya ƙare. Nan fa ƙafata ta ci amanata. Ban ankara ba ashe tana buga ƙasa tana bin kiɗa, a kan tabarmar makoki, dattawa duk sun zuba mata ido. Kunya ta kama ni har zufa ta jiƙa mini riga.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya miƙe ya zura takalmansa. Na raka shi bakin hanya, na riga na sallama Asabe a raina.

"Na ba ka ita," ya ce. "Ka iya jin mutuwa, wannan ba laifi ba ne. Amma in wani ya sake rasuwa a cikin akwatin nan, kada labari ya iso Gwiwa. Hanyar ba ta da kyau."

Tun daga ranar na gane cewa a garinmu hawayenka ba naka ba ne kai kaɗai, kana zubar da shi jama'a za su zo taya ka. Yanzu in rediyo ta kawo irin wannan labari, ɗaki nake shiga in sa sakata, Asabe ta ce da mutane mura nake yi.