Shuɗin waya da shuɗin kati

Ko me zan manta a duniya, ban da bikin ƙanwata Zainab a Obiagu, unguwarmu a Inugu. Lokacin ban daɗe da gama ɗan kwas na zanen kwamfuta ba, kai ya kumbura, ko gaisuwa zan yi sai na jefa "resolution" a ciki. Da aka zo maganar katin biki na ce wa Mama kada a wahalar da kowa, akwai ƙwararriya a gida.

Maimakon in rubuta sunan kalar da mata za su sa, sai na yi gwaninta. Na zana ɗan akwati shuɗi shar, na rubuta a ƙasansa: kowa ta sa irin wannan. Mai buga katin ya ce ko zan ga samfuri tukuna, don hoton a RGB yake, kalar waya ke nan, injinsa kuwa CMYK yake sha, kalar tawada. Na ce, "Oga, abeg print am," wato ya buga kawai. (An koya mana wannan bambancin kalar a aji. Ina jin ranar hira nake yi.)

Katin ya fito, na ga akwatin ya ɗan yi duhu, na ɗora wa fitilar shagon laifi. Danginmu na Inugu aka raba musu kati hannu da hannu. Dangin ango na Zariya kuwa ta waya na tura musu.

Ranar biki matan unguwarmu suka cika rumfa cikin shunayya, kalar da tawada ta ga dama ta fitar. Sai ga motar Zariya, mata na ta sauka cikin shuɗi shar. Innalillahi! Mama ta kalle ni, Zainab ta fara hawaye a cikin kwalliya. Tsoronmu ɗaya ne: Gwaggon ango, Hajiya Asabe, wadda tun farko take cewa 'yan kudu ba su san tsari ba. Za ta ce da gangan muka ware su.

Ta tsaya ta ƙare wa rumfar kallo, ta ce, "Wa ya tsara wannan?"

Duk yatsu suka nuno ni, har da na Mama. Na durƙusa. "Ni ce, Gwaggo."

"Kai, madalla da yarinya! Dangin amarya da kalarsu, na ango da tasu, ba sai an tambayi kowa ba. Ashe akwai masu hankali a nan."

Wallahi sai na miƙe kamar da ma haka na tsara. Zainab ta share hawaye, Mama ta ce ai yarinyar ta yi karatun abin.

Yanzu ko sitika zan buga sai na ga samfuri. Matsalar dai Gwaggo ta ce ni zan tsara bikin autarta, kuma kala uku take so.