Sarkin Ruwan Utaiqa

Shekarata biyu a Riyad ina cika wa abokan ɗakina kunne cewa ni ɗan Yauri ne, a bakin kogi aka yanke min cibiya. Ban taɓa gaya musu cewa tun kafin a yaye ni muka koma Kano ba.

Wata Juma'a bayan la'asar muka je wani wurin shaƙatawa mai tafki kusa da unguwar Utaiqa. Ni da Harisu, wani direba Badamagare, muka shiga jirgin roba mai feda irin ta keke. Na ce zama a jirgi sai fasinja, na miƙe tsaye a bayansa da farar jallabiyata, yadda masunta ke yi.

"Malam, da dai ka zauna," in ji Harisu.

Bai rufe baki ba na ji ni cikin ruwa, ina salati, ina bar masa amanar iyalina. Mai gadin wurin ya leƙo ya ce, "Gum, ya sadik." Wai in tashi. Da na miƙe, ashe ruwan iya ƙugu ne.

Har yau ko butar alwala na ɗauka sai wani ya ce, "A hankali, Sarkin Ruwa, cike take."