Yadda Za Ka Kai Wa Surukarka Sabuwar Katifa Da Damina

Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawarin surukarka ba za ta manta da kai ba har ta koma ga Allah. An gwada su a kan maƙwabcina mai walda, wanda muke kira Hasashe saboda ba ya wuce gajimare bai yi masa fassara ba. Matarsa ta kusa haihuwa, uwarta za ta zo zama da ita, shi kuma ya ci alwashin tsohuwa ba za ta kwana a tabarma ba.

1. Duba sama, ka yanke mata hukunci

Fito ƙofar shago, ka riƙe ƙugu, ka ƙanƙance ido. Ko hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ce wannan na garin gaba ne. Hasashe ya ƙara da cewa gwiwarsa ba ta yi masa tsami ba, gwiwarsa kuwa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Kada ka saurari rediyo, su ma leƙawa suke yi ta taga.

2. Cire ledar

Sabuwar katifa tana zuwa cikin leda, leda kuma santsi gare ta, igiya ba ta kama ta a rufin tasi. Mai katifa zai roƙe ka ka bar ta. Yi masa kunnen uwar shegu, ka yage ta, ka cusa a bayan mota. Banda haka, ta yaya 'yan unguwa za su ga zanen furannin da ke jiki?

3. Ƙi babban titi

Ruwa zai kece kafin ku kai shataletale, kamar da bakin ƙwarya. Za ku tarar kwalbati ta cika ta tumbatsa, motoci sun yi layi, direbobi sun kashe inji suna gyangyaɗi. Jira na marasa dabara ne. Ce wa direba ka san wata hanya ta bayan makaranta. Hasashe ya san ta kuwa, amma da rani ya san ta. Tayar baya ta nutse a taɓo har rabi, direba ya shiga ambaton dangin Hasashe ɗaya bayan ɗaya.

4. Yi amfani da ledar

Tunda turi ya kama ka, ɗauko ledar nan ka lulluɓe kanka da ita. Mutum ya fi kaya daraja. Katifa na sama tana sha, kai kana ƙasa kana nishi, kowa na aikinsa.

5. Yarda da rana

Ranar damina munafuka ce, tana fitowa fes kamar ba a yi komai ba. Jingine katifar a katanga, ka shafa bayanta, za ka ji ta bushe. Kada ka danna. In ka ga sai da ƙarti huɗu suka kinkime ta zuwa ɗaki, gaya wa matarka ai nauyi shi ne alamar mai kyau. Shimfiɗa zanin gado biyu, ka fesa turare, ka fice.

6. Kama bakinka

Nan ake gane gwani. Washegari da safe Hasashe ya hangi surukarsa a bayan ɗaki tana wanke zanin gado a ɓoye, ta ɓoye na jikinta a ƙasan bokiti. Ya gaishe ta, ta amsa kanta a sunkuye. Nan take ya gane abin da take zato. Baiwar Allah ta ɗauka ita ce ta jiƙa shimfiɗa a gidan suruki.

Shawarata ita ce ka yi gum. Laifi ya sami mai ɗauka, me kuma kake nema? Haka Hasashe ya yi. Tsohuwa ta daina shan shayi, ta daina shan ruwa daga azahar, leɓenta ya bushe, amma kullum safiya sai wanki. Shi kuwa walda ma ta gagare shi, ya liƙa wa wani ƙofa a karkace.

7. Matakin da ya kayar da Hasashe

Wata safiya ya tarar ta ɗaure kayanta. Ta bayan labule ya ji tana gaya wa 'yarta cewa tsufa ya zo mata da abin kunya, gara ta koma gida kafin mijin ya sani, a nemi wata ta riƙe jaririn. Matarsa na kuka da ƙaton ciki.

Gwani zai ɗauki jaka ya raka ta tasha. Hasashe, kaico, sai tausayi ya ci ƙarfinsa. Ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Mama, ba ke ba ce. Katifar ce, ruwa ya dake ta a hanya."

Tsohuwa ta matsa kusa da shimfiɗar. Ta sa tafin hannu ta danna katifar da ƙarfi, ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsunta. Ta ce a ba ta ruwan sha, ta shanye kofi biyu ba ta sauke numfashi ba, sannan ta kwance kayanta.

"Ɗana, kawo mini tabarma. Wannan kuwa tunda mai kyau ce, kai za ka kwana a kanta har ta bushe."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a mura, ciwon haƙarƙari, tsamin ɗaki ko kallon da matarka za ta riƙa yi maka. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Mai ƙorafi ya je ya sami Hasashe a shago, ba zai yi wuyar ganewa ba: shi ne mai walda yana atishawa, damina kuwa ko rabi ba ta yi ba.