Ranar da Na So Hana a Yi wa Baba Sikanin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa kaina jama'a a wani asibitin kuɗi a garin Lafiya ba. Har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni, kuma haushin kaina nake ji.

Baba ne ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa ta rogo a Kwandere. Baki ya karkace, hannun dama ya saki, can kuma ya warware kamar ba shi ba. Washegari na goyo shi a babur zuwa asibitin. Likita ya duba shi, ya ce mu je ɗakin sikanin.

Muna zuwa na tarar da benci cike da mata masu juna biyu. Nan take kaina ya ɗau zafi. (Ni fa malamin kimiyya ne a sakandare, gani nake ba abin da ya shige mini duhu.)

Na daka wa ma'aikaciyar ɗakin tsawa: "Wane irin raini ne wannan? Dattijo ɗan shekara saba'in za ku kwantar ku nemi jariri a cikinsa? Jiri ya kayar da shi, ba laulayi ba! Don kun sayo na'ura sai ku goga wa kowa? Baba, tashi mu tafi!"

Baba ya fizge hannunsa. "Kai ne likitan? Zauna!"

Ita ko kallona ba ta yi ba. Ta kwantar da shi, ta shafa masa wani mai a wuya (a wuya, jama'a, ba a ciki ba), ta ɗora kan na'urar. Jim kaɗan ta juyo mini da allon.

"Ka ga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa? Ta hagu kitse ya tsuke ta. Da ka tafi da shi, faɗuwa ta gaba ɓarin jiki na iya shanyewa." Sai ta ɗan yi murmushi. "Malam, kai fa ka zana mana jijiyar nan a aji uku. Har bulala ka yi mini da na kasa zana ta."

Labule ne kawai tsakaninmu da benci. Wata mai tsohon ciki ta ɗaga murya: "Oga tica, kai ma kwanta a duba naka, kila jini ba ya kai sama!"

Dariya ta ɓarke, har da Baba, wuya duk mai.

Aka ɗora shi a kan magani, aka tura mu babban asibiti. Ya yi shekara tara yana noma bayan nan.

Yanzu in raina ya ɓaci a inda ban san aikinsu ba, tambaya nake fara yi, murya ƙasa-ƙasa. Ihu ba ya ruɓewa, ana iya ajiye shi sai an tabbatar.