Garkuwan Kyanwoyin Barkin Sale

Allah Ya yi wa unguwarmu ta Barkin Sale baiwa iri-iri, amma babu wadda ta kama ƙafar Alhaji Sharif Ndaliman. Wasu unguwannin Minna suna taƙama da kwalta, wasu da ruwan famfo. Mu Alhaji muka samu, kuma ba mu taɓa kai ƙara ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da makullin sito a wata ma'aikata. In ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse da ya makara rana ɗaya da jihar ta tsaya cik. Tun da ya yi ritaya bai huta ba. Shi ne shugaban kwamitin kwata, wadda har yau take ambaliya. Shi ne shugaban kwamitin taransifoma, wadda ta ƙone wata uku bayan ya kama aiki. Mutum ne da ko zaman makoki ya je sai ya tambayi wa ke shugabantar zaman.

Ni kuwa, Malam Kudu, tsohon malamin firamare, ni ne magatakardansa a kowane kwamiti. Ni nake rubuta masa jawabi, in koma cikin jama'a in zauna, in ya karanta in fi kowa mamakin hikimarsa. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Na san wannan karin maganar sarai, na ma koyar da ita a aji biyar.

Bara kyanwoyi suka yi mana yawa. Bayan 'yar kasuwar unguwa suke zaune, babu mai su, suna ta haihuwa. Kowane ruwan sama sai an tsinci 'ya'yansu a kwata sun mutu. Wata ta yakushi wata yarinya, iyayenta suka yi ta zaryar asibiti don tsoron cutar haukan kare. Daga nan wasu suka fara zuba guba a sauran tuwo. Gubar ta kashe kyanwa biyu da kajin Ndako mai hatsi kaf, kuma saura ƙiris wani jariri mai rarrafe ya kai loma baki.

Ana cikin haka Dakta Lailatu, likitar dabbobi, ta zo ƙofar gidan mai unguwa da bayani. Ta ce wata ƙungiya daga Abuja ta ɗauki nauyin wani shiri. Za a kama kyanwoyin da keji mai tarko, a fiɗiye muzurai, a yi wa matan aikin hana haihuwa, a yi musu rigakafi, a ɗan yanke kan kunnen hagu don a gane wadda aka yi wa, sannan a mayar da kowace inda aka kamo ta. Ta ce bayan mako shida wakiliyar ƙungiyar za ta zo ta duba. In aiki ya yi kyau a ci gaba, in bai yi ba a koma wata unguwa, mu kuma mu koma ga masu guba.

Kafin Dakta ta rufe baki Alhaji ya miƙe ya gode wa jama'a da amanar da suka ɗora masa. Babu wanda ya ɗora masa komai. Muka kalli juna, ni na fara tafi, sauran suka bi. Kafin la'asar matasan majalisa sun naɗa shi Garkuwan Kyanwoyi. Da zolaya suka yi, shi kuwa ya sa aka buga a kati.

A unguwar akwai mutum ɗaya da ta san kyanwoyin nan da gaske. Theresa ce, mai busasshen kifi, 'yar Kafanchan, muna kiranta Maman Eric. Shekara goma tana zuba musu kawunan kifi a bayan rumfarta. Kowace ta ba ta suna. Akwai wata tsohuwa mai ido ɗaya da take kira Gwaggo, wadda ke kwana a ƙarƙashin teburinta tun kafin mijinta ya rasu. Da ya kafa kwamitin kyanwoyi, Alhaji ya ba Maman Eric muƙamin mamba ta ƙarshe, bayan ya yi bayanin cewa aikin na masu gogewa ne.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka kawo lasifika biyu da janareto. Aka girke keji a tsakiyar fili, aka sa kifi a ciki. Alhaji ya fito cikin shadda mai sitaci, ya karɓi abin magana.

"Jama'ar Barkin Sale, tarihi zai tuna da wannan rana. Tun zamanin jirgin ƙasa kyanwa take yin abin da ta ga dama a garin nan, saboda ba ta gamu da shugabanci ba. Yau ta gamu. Ina sanar da duk wata kyanwa da ke jin muryata cewa ta ba da haɗin kai."

Kyanwoyin sun ji muryarsa, shi ya sa ko ɗaya ba ta rage a unguwar ba ranar. Sa'a uku muna zaune muna gadin keji. Da azahar ƙofarsa ta rufe, muka ruga, muka tarar da agwagwar maƙwabta tana cin kifin. Alhaji ya ce wannan ya tabbatar tarkon na aiki. Na rubuta haka a littafin taro.

Washegari da sassafe, ba rumfa ba lasifika, Maman Eric ta ajiye kejin a bayan rumfarta, ta rufa masa tsohon buhu, ta yi kiran da ta saba. Cikin mako ɗaya ta kama goma sha tara, har da Gwaggo. Dakta ta yi musu aiki, ta riƙe su a asibitinta har suka warke. Alhaji kuwa ya shiga rediyo ya yi bayanin dabarar da ya ƙirƙiro. Kura da shan bugu, gardi da kwasar yabo.

Ranar da za a mayar da su ta zo daidai da bikin ƙanwar Maman Eric a Kafanchan. Kafin ta tafi ta zo har ƙofar gidan Alhaji ta rusuna.

"Alhaji, don Allah a bayan rumfata za a sake su. Gwaggo ba ta gani da kyau, in ba wurin ba, ba za ta iya neman abinci ba."

"Ki je ki yi bikinki, Maman Eric," in ji shi. "Abin yana hannun manya."

Dakta ta aiko da kejuna a keke napep biyu. Alhaji ya zagaya su sau biyu, hannu a baya, daga nesa, don bai cika son kusantar waɗanda yake karewa ba. Sai ya tara mu.

"Na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati. Ban taɓa ganin an kama mai laifi, an yi masa magani, an kuma raka shi har inda ya yi laifin ba. Mutanen Abuja suna da boko, amma gogewa sai mu. Baƙuwarmu, wakiliyarsu, za ta zo ta tarar da Barkin Sale fes, ko kyanwa ɗaya babu. Ranar za su san da wa suke aiki."

Ni na ji abin da Dakta ta ce ranar farko. Na ji abin da Maman Eric ta roƙa, ina tsaye a wurin. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Wannan hangen nesa ne, ranka ya daɗe." Ndako ya tuna da kajinsa, ya ɗora laifin a kan kyanwoyi, ya ɗaga hannu. Aka kwashe su aka wuce Chanchaga, aka sake su a bakin wata gonar doya a hanyar Paiko.

Da Maman Eric ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta leƙa ƙarƙashin teburinta, ta zagaya bayan rumfa, ta zo ta tsaya a gabana.

"Malam, kai ma kana wurin?"

Na ce ai shawarar kwamiti ce.

"Kai ka koya wa Eric karatu," ta ce. Ta juya ta tafi. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Kwana goma ba a yi ba ɓeraye suka gane an yi musu sauyin gwamnati. Suka huda buhunan Ndako, suka cinye wayar firjin mai ƙanƙara, suka shiga gidan Alhaji suka yi wa hularsa ta zuwa Juma'a taga. Bayansu sai ga sababbin kyanwoyi daga wajen unguwar Sauka Kahuta, kunnuwa lafiya lau, biyu da ciki. Dakta ta zo ta gani, ta nemi Alhaji.

"Baba, abin da ya sa ake mayar da su ke nan. In suna nan suna tsare wurinsu, ba sa haihuwa, baƙi ba sa shigowa. Yanzu an bar wuri a buɗe. Ranar Alhamis baƙuwa za ta zo ta ga masu yankakken kunne goma sha tara. Me zan nuna mata? Kuma dabbobin nan ba su san daji ba."

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce zai kafa ƙaramin kwamiti. Dakta ta ce keke ya fi kwamiti sauri.

Haka muka tafi hanyar Paiko ranar Talata, shi da ni da Ndako. Muka shiga tsakanin tulin doya, dattawa uku, muna durƙusawa muna "mus, mus, mus." Wasu mata manoma suka ajiye fartanya suna kallonmu. Ɗaya ta tambayi Ndako ko wani abu ne ya same mu. Har rana ta yi tsaka ba mu ga ko wutsiya ba.

Dole muka koma wurin Maman Eric. Alhaji ya ce ya zo ne ya ba ta damar bayar da gudunmawa. Ta ci gaba da jera kifinta.

"Zan je, saboda su. Amma bayana na ciwo, ba zan iya ɗaukar daro ba. Kuma sai sun ji ƙamshi daga nesa, dole mai daron ya shiga gaba."

Alhaji ya dubi Ndako. Ndako ya ce shi ke riƙe kejuna. Alhaji ya dube ni.

"Ba Malam ba," ta ce. "Garkuwa ai shi ke gaba."

Ranar Laraba da hantsi Alhaji Sharif Ndaliman ya ratsa gonar doya da daron kawunan kifi a kansa, romo na ɗiga a kan aikin wuyan rigarsa, ƙudaje na yi masa rakiya. Maman Eric ta ce in rana ta bugi kifin zai lalace, sai na buɗe lema na bi shi a gefe. Ita tana bayanmu tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Dakta, wadda ta biyo mu, tana ɗaukar hoto da wayarta. Can sai ciyawa ta motsa. Suka fara fitowa, a rame, wasu da ƙaya a jiki, suna kuka suna shafar ƙafafunta. Goma sha huɗu muka samu. Maman Eric ta tsaya har la'asar tana kiran Gwaggo. Ba ta fito ba, ba kuma a sake ganinta ba. A cikin keke babu wanda ya yi magana, har Alhaji, abin da ban taɓa gani ba.

Amma shirun kwana ɗaya ya yi. Ranar Alhamis baƙuwa ta iso, wata mai suna Madam Precious, ta ga kyanwoyi goma sha huɗu a bayan rumfar kifi, ta tambayi ina biyar. Alhaji ya miƙe.

"Madam, bincike muka gudanar. Mun kai su nesa da gangan don mu gwada ko gaskiya ne dole a mayar da kyanwa wurinta. Ina farin cikin shaida miki cewa bincikena ya tabbatar da tsarinku."

Wannan jawabin ba ni na rubuta ba, amma hannuna ya riga ya saba, sai da na tafa sau biyu kafin na ga idon Maman Eric. Madam Precious ta saurara har ƙarshe, ta ja Dakta gefe suka yi magana. Ta dawo ta ce za a ci gaba da shirin, bisa sharaɗin daga yau kejuna a hannun Maman Eric za su zauna. Alhaji ya ce dama shawarar da zai bayar ke nan.

Aiki ya tafi daidai. Masu guba sun daina, kwata ta daina kwasar 'ya'yan kyanwa, ɓeraye sun koma adawa. A ƙarshen shekara ƙungiyar ta aiko da mujallarta, da hoton gonar doya a shafin farko. Alhaji ya sa an yi masa gilashi ya rataye a falo, yana nuna wa baƙi yadda shugaba na gari yake ƙanƙan da kai. Sai dai kafin a sa gilashin ya yanke layin da ke ƙasa, inda aka rubuta: Theresa, jagorar aikin Barkin Sale, tare da wani dattijo da ke taimaka mata da dakon kifi.

A gefen hoton akwai hannun wani mutum riƙe da lema, yana yi wa kifi inuwa. Ba a rubuta sunansa ba, ni kuma ban nemi a gyara ba.